Baron da ba shi da taya

Ina ɗan shekara 15 na yi turin baro a kasuwar 'Yankaba. Hutun makaranta ne, mahaifinmu yana kwance, gida kuwa sai an ɗora tukunya. Kullum bayan asuba in je wajen wani dattijo mai ba da hayar baro, in yi ta jigilar kwandunan tumatir da buhunan albasa daga bakin mota zuwa rumfa, da la'asar in biya kuɗin haya, abin da ya saura in kai wa mahaifiyata. Wata uku kacal na yi, amma har yau in na ji kukan tayar da ba ta sha mai ba, sai na ji kafaɗata ta amsa. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane dalilin da ya sa kalma ɗaya tak ta fitar da ni daga gida a ƙasar da ba tawa ba.

A watan Yuni ne na sauka wajen ɗan yayata a Swindon, wani gari da ke yamma da Landan, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa. Kwana na biyu, muna karin kumallo, na ga wata 'yar taswira ya liƙa a jikin firji. A ƙasanta an rubuta "West Kennet Long Barrow". Na karanta, na sake karantawa.

"Kai, wane irin dogon baro ne wannan da har ya samu shiga taswira?"

"Kawu, ai ba baron turawa ba ne. Kabari ne. Tsohon kabari, ya girmi dalar Masar."

"To me ya haɗa kabari da baro?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai haka ya ji ana faɗa. Ranar Asabar ba shi da aiki, sai na ce ya kai ni.

Mota mai lamba 49 muka hau, wadda ke bi ta Avebury ta wuce Devizes. Da an fita daga gari sai ƙasa ta buɗe, tuddai masu laushi, ba dutse ba ƙaya, ko'ina kore shar. Can a jikin wani tudu na hango siffar farin doki, ƙato, kamar an zana da alli. Ashe allin ne da gaske: duk yankin a kan alli yake zaune, da ka kankare ciyawa da 'yar ƙasar sama sai fari fat ya bayyana. Wannan allin shi ne kayan ginin duk abin da na je gani.

Avebury ƙauye ne da aka gina a cikin da'irar duwatsu. Titin mota ya ratsa ta tsakiya, tumaki na kiwo a gindin duwatsun da wasunsu sun haura tan 40, ga wani ƙaton kwari da ganuwar ƙasa sun kewaye wurin, abin da ya sa na tuna da badala. Ba mu daɗe ba. Abu ɗaya na riƙe daga can: a ƙarni na 14 mutanen ƙauyen sun riƙa haƙa rami suna kayar da duwatsun suna binnewa, kuma da wani mai binciken kayan tarihi, Alexander Keiller, ya zo tono su a 1938, sai aka tarar da ƙasusuwan wani mutum a ƙarƙashin ɗaya, tare da almakashi da 'yan kuɗin zamaninsa. Ana jin wanzami ne. Shekara ɗari shida yana kwance babu wanda ya san da shi.

Daga nan muka kama hanyar ƙafa ta bakin rafin Kennet, wanda a lokacin ɗan siririn ruwa ne kawai ke bin cikin ciyawa. Muna yin kwana sai ga Silbury a gabanmu. Tudu ne mai siffar faifan da aka kifa ya yi tsini, tsayinsa ya wuce mita 30, kuma hannun mutane ne ya tara shi, wajen shekara 2400 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihissalam. Babu tudun hannu na zamanin da a duk Turai da ya kai shi. Mutanen yankin sun daɗe suna cewa wani sarki ne mai suna Sil ke kwance a ciki a kan dokin zinare. Wannan zance ya sa aka huda shi daga sama a 1776, aka haƙa rami daga gefe a 1849, aka sake shiga a 1968 ana nunawa a talabijin. Ba sarki, ba doki, ba ko gawa ɗaya. Abin da huje-hujen suka jawo shi ne ruftawar saman tudun a shekara ta 2000, sai da aka yi aikin cike ramukan da alli a 2007 zuwa 2008. Yanzu an hana hawa. Na tsaya a bakin shinge ina kallonsa, ina tunanin yadda kwaɗayin abin da ke cikin kabari ya kusa rusa abin da ba kabari ba ne ma.

Muka tsallaka babban titi, muka bi ta wata 'yar ƙofar ƙarfe, muka haye gada. A gefen hanya akwai wata bishiya da aka ɗaure wa tsummoki da zare kala-kala a rassanta. Ɗan yayata ya ce masu bin addinin gargajiyar Turawa ne ke ɗaurawa. Ban yi mamaki sosai ba, wanda ya san tsamiyar da ake kai wa farin ƙyalle a wasu ƙauyukanmu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Daga gindin bishiyar hanya ta miƙe sama tsakanin gonakin alkama, iska na kaɗa zangarniya kamar ruwa. Hawan bai kai kilomita ɗaya ba amma sai da na tsaya sau biyu.

Daga nesa ba ka ganin komai sai wani dogon kunya a kan tudu, kamar an yi huɗa ɗaya tak aka tashi. Sai ka matso ka ga girmansa: tsawonsa wajen mita 100, ya fi faɗi da tsayi ta gabas, yana sirancewa zuwa yamma. A bakin gabas an jera manyan duwatsu a tsaye, na tsakiya ya fi ni tsayi nesa ba kusa ba, ya toshe ƙofar. Ta bayansa ake raɓawa a shiga.

Na tsaya a bakin. A gida in za ka shiga maƙabarta akwai sallamar da aka koya mana tun muna yara, bakina har ya ɗauko ta, sai na tuna waɗannan mutane sun riga duk abin da na sani, kuma ma ba sa ciki. Na yi bisimilla kawai na sunkuya.

Ciki akwai sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na cikin rijiya. Siririn lungu ne, ɗakuna biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya babba a ƙurya wanda mutum zai iya miƙewa tsaye a ciki. Duka-duka bai fi taku goma sha biyar ba ka kai ƙarshe, sauran dogon tudun duk tulin alli ne da duwatsu. Bango manyan duwatsu ne, an cike tsakaninsu da ƙananan falale masu ruwan zuma, an jera su ɗaya kan ɗaya babu laka, kamar yadda mai tallan ƙuli ke jera kayanta. Waɗannan ƙananan ba na yankin ba ne, daga nesa aka ɗauko su. A jikin wani dutse akwai wani wuri mai santsi, ɗan kwarmi, inda aka riƙa wasa gatarin dutse. Na sa yatsuna a ciki. Santsin na nan kamar jiya aka tashi daga aikin. Ina cikin haka sai wani abu ya wuce ta gefen kunnena fir: tsattsewa ce, ta yi sheƙa a saƙon rufin, 'ya'yanta sun buɗe baki suna jira. A ƙurya wani ya bar guntun kyandir da busasshen fure.

An gina wurin wajen shekara 3650 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya riga manyan dalar Giza da ke Masar da kimanin shekara dubu. Manoma ne da makiyaya, ba su san ƙarfe ba. Da ƙahon barewa suka fasa allin, daga ramuka biyu da ke gefe da gefe. Gawarwakin da aka sa a ciki ba su da yawa, ƙidayar baya-bayan nan ta ce mutum 36, maza da mata da yara, kuma gwajin da aka yi wa ƙasusuwan ya nuna cikin 'yan shekaru kaɗan aka sa su duka, bai fi zamanin mutum ɗaya ba. Akwai wani dattijo a cikinsu da aka samu kan kibiya na dutse a wajen maƙogwaronsa. Bayan haka jikoki da tattaɓa kunne suka yi ta dawowa, fiye da shekara dubu, suna zuba ƙasa da fasassun tukwane da ƙasusuwan dabbobi har ɗakunan suka cika, sannan aka kawo waɗancan manyan duwatsu aka rufe ƙofa.

Da muka fito muka hau saman tudun, can muka tarar da wani tsoho Bature zaune a kan ciyawa, da karensa da 'yar butar shayi. Ya gaishe mu, ya tambayi daga ina. Na ce Najeriya, na kuma gaya masa abin da ya kawo ni, cewa a harshenmu mun ari kalmar nan tasu, muna ce wa abin tura kaya baro, ga shi na zo na tarar da ita a kan kabari. Fuskarsa ta washe. Ashe tsohon malamin makaranta ne, harshen Ingilishi ya koyar har ya yi ritaya. Ya ce in ba shi takarda. Babu komai a aljihuna sai tikitin mota. Ya juya bayansa, ya ɗora a gwiwa, ya rubuta kalmomi uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: beorg, bearwe, bearg.

Ya ce waɗannan kalmomi uku ne daban-daban a tsohon Ingilishi, na shekara dubu da suka wuce, kowace da gidan ubanta. Zamani ne ya yi ta gugar su har suka koma sauti ɗaya da rubutu ɗaya.

Ta farko, "beorg", ma'anarta tudu ko tsauni. 'Yar'uwarta na nan da rai a Jamusanci, "Berg", dutse, kuma ita ce a wutsiyar "iceberg", tsaunin ƙanƙarar da ke yawo a teku. To da Turawan Anglo-Saxon, masu wannan tsohon Ingilishin, suka zo ƙasar suka tarar da waɗannan tuddai na mutanen da, sai suka kira su da sunan da suke kiran kowane tudu. Su ma kansu sun riƙa tara wa manyansu irinsa, kamar na Sutton Hoo da aka tona a 1939 aka samu sawun jirgin ruwa mai tsawon mita 27 da aka binne wani babban mutum a ciki. Daga baya kalmomin Faransanci suka shigo suka ƙwace ma'anar tsauni, "beorg" ta ja da baya, ta maƙale a bakin manoman kudu maso yamma, inda irin waɗannan kaburbura suka fi yawa. A bakinsu masu binciken kayan tarihi suka tsince ta, suka mai da ita cikin littafi da ma'ana ɗaya: tudun da aka tara a kan mamaci. Ya nuna mini gabas da hannu, kan tudun Overton, inda wasu ƙananan tuddai masu siffar ƙwarya a kife suke jere. Ya ce waɗancan na zamanin tagulla ne, sun zo bayan wannan da fiye da shekara dubu, su ake ce wa zagayayyu, wannan kuma dogo.

Na tambaye shi yadda aka yi harafin g ya ɓace. Ya ce ba ɓacewa ya yi ba, narkewa ya yi ya koma w, kuma ba a nan kaɗai ba: "sorg" ta zama "sorrow", baƙin ciki, "folgian" ta zama "follow", bi. Nan take na gane, domin mu ma muna da irin wannan a gida. Basakkwace ya ce zamna, Bakano ya ce zauna. Abduga ta zama auduga, sabka ta zama sauka. Talaka ne ya haifi talauci, jam'in ɓauna kuma ɓakane, k ɗin na nan a ɓoye. Na faɗa masa, ya sa na maimaita zamna da zauna sau uku, ya rubuta a tafin hannunsa.

Ta uku ya fara sallama kafin ta biyu, don gajeriya ce. "Bearg" namijin alade ne da aka fiɗiye, kamar yadda muke ware taure daga bunsuru. Har yau masu kiwonsu na amfani da ita, ba ta da wata alaƙa da sauran.

Sai ya ɗora yatsa a kan ta tsakiya, ya ce wannan ce taku. "Bearwe" ta fito ne daga "beran", ɗauka, wadda ta zama "bear" a Ingilishin yau. Kuma asalin abin ba shi da taya. Sanduna biyu ne dogaye, an shimfiɗa katako a tsakani, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, su ɗauki duwatsu ko taki ko mara lafiya. Sai wajen ƙarni na 13 aka fara ganin mai taya a Turai, aka cire mutumin gaba aka sa taya a madadinsa, shi ya sa dole aka ƙara wa sunan "wheel", wato taya, a gaba, ya zama "wheelbarrow", don a bambanta. Mu da muka ara sai muka yar da kan muka riƙe gangar jikin. A Landan ma haka 'yan kasuwa suka yi, masu sayar da kayan marmari a kan abin turawa "barrow boys" ake ce musu, 'yan baro sak.

Tun yana kwatanta sanduna biyu da shimfiɗa a tsakani gabana ya faɗi, domin na san wannan abin. Na sha sa kafaɗata a ƙarƙashinsa. Na ce masa, wannan ai abin da muke ɗaukar mamaci ne, makara. Ya dube ni, ya karɓi tikitin, ya ƙara kalma ta huɗu a gefen ta biyu, ya ja layi ya haɗa su: bier. Ita ce makara a Ingilishi, kuma daga wannan "beran" ɗin ta fito. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da baro.

Na yi shiru na ɗan lokaci. Na zo ne ina neman dangantaka tsakanin baro da kabari, an ce mini babu, haɗuwar hanya ce kawai. Sai ga dangantakar ta ɓullo ta inda ban nema ba. Kalmar da ke kan kabarin ba ta san mutuwa ba a asalinta, tudu kawai take nufi. Wadda na yi wata uku ina turawa cike da tumatir, ita ce 'yar'uwar makara.

Ɗan yayata ne ya katse shirun. "Kawu, ka lura? Su waɗanda suka tara wannan ba su da baro."

Gaskiya ya faɗa. Taya ba ta iso tsibirin ba sai bayan shekaru dubu biyu da wani abu. Duk wannan tudu da muke zaune a kai, da Silbury da ke fuskantarmu a ƙasa, a kwando da fata aka ɗebo su, a ka ko a baya. Wanda bai taɓa dako ba zai ji wannan a matsayin labari. Ni na san nauyin kwando ɗaya na jiƙaƙƙiyar ƙasa, na san yadda wuya ke yi a sawu na ashirin. Na dubi tsawon mita ɗarin nan na kasa lissafa sawu nawa ne. Mutane ba sa yi wa wanda ba su ƙauna ko ba su tsoro irin wannan wahala.

Na tambayi tsohon ko "bury", binnewa, daga tudun ta fito, tunda sun yi kama. Ya ce kamar ta ruɗi mutane da yawa, har da sunayen garuruwa. "Bury" daga "byrgan" take, danginta kuma "beorgan", wato karewa, adanawa, ɓoyewa daga cuta. Jamusawa har yau suna cewa "bergen" in an ceto mutum ko an kai shi mafaka. Har "borrow", aro, daga wannan gida take, domin asalinta jingina ce, abin da aka ba ka amana ka adana. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don mu ma in za mu ambaci abin cikin ladabi ba mu cewa an binne shi, sai mu ce an yi masa sutura, an rufa masa asiri ke nan. Harsuna biyu da ba su haɗa komai ba, kowanne ya ga binnewa a matsayin kāriya. Amma "bury" da ke wutsiyar Canterbury da Salisbury wata ce dabam, daga "burh" take, gari mai ganuwa, birni. Canterbury na nufin birnin mutanen Kent. Ya ƙara da cewa ko garuruwan da ake kira Barrow ba duka ne na tudu ba, wasu daga "bearu" suke, kurmi. Na ce masa mu ma garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, sai dai mu muryarmu tana raba su. Ya ce su ba su da wannan gatan.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma na faɗa masa. Ina mutanen? Ya ce tun 1685 wani likita daga Marlborough mai suna Toope ya riƙa haƙar ƙasusuwa a yankin yana haɗa magani da su, shi da kansa ya rubuta wa John Aubrey, wani mai binciken kayan tarihi na zamanin, haka. A 1859 John Thurnam, wanda kokon kai ne abin bincikensa, ya shiga ɗakin ƙurya. Sai a 1955 da 1956 wasu masana biyu, Stuart Piggott da Richard Atkinson, suka tona sauran ɗakuna huɗun bisa tsari, suka gyara wurin ya zama yadda muka gan shi. Ƙasusuwan suna ɗakunan bincike, tukwane da sauran kaya wasu na gidan tarihi na Devizes.

Ba zan ɓoye ba, abin bai kwanta mini ba. An tashe mu a kan cewa alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce. Mutanen nan sun jawo duwatsu masu nauyin tan-tan sun toshe ƙofa, ma'anar wannan a fili take ko da ba a san harshensu ba. Amma kuma ba zan yi rashin adalci ba: ba don aikin 1955 ba, da ban san akwai yara a ciki ba, da ban san dattijon nan mai kibiya a wuya ba, da ba wanda zai tsaya ya yi tunaninsu kamar yadda na tsaya. Na bambanta likitan da ya daka su a turmi da masanin da ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake fata shi ne in an gama aunawa a mai da su ɗakinsu. Tsohon ya ce akwai Turawa da yawa masu wannan ra'ayi, an sha muhawara a kai.

Ya kuma ba ni labarin da ban zata ba: a 2014 wani manomi, Tim Daw, ya gina sabon dogon tudu irin wannan a All Cannings, 'yan kilomitoci kudu da inda muke, da ƙananan tagogi a bango inda iyalai ke ajiye tokar mamatansu, tunda mafi yawan mutanen ƙasar yanzu ƙonawa suke yi. Ƙona gawa abu ne da zuciyata ba ta iya ɗauka, amma na fahimci abin da suke nema. Suna son wurin da za a je a tsaya.

Zancen ya kai ni gida. A ƙaramar hukumar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai Durɓi ta Kusheyi, tuddan da aka tara a kan sarakunan Durɓawa. Sunan ma ya faɗi abin da ke wurin, kusheyi jam'in kushewa, tsohuwar kalmarmu kafin kabari ta zo daga Larabci. An tona wasu a 1907 zamanin Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, aka sake tona wasu a 1992 tare da Jamusawa, aka samu tasoshin tagulla da wuri da duwatsun ado da suka nuna cinikin nesa tun ƙarni na 13 da na 14. Na bi hanyar Mani ba sau ɗaya ba, ban taɓa ratsewa ba. A kan tudun West Kennet na yi niyyar zuwa.

Azahar ta yi, rana ba ta ko karkata sosai ba, don a watan Yuni sai wajen tara da rabi take faɗuwa a can. Muka sauka daga kan tudun, muka matsa can gefen gona nesa da kabarin, ɗan yayata ya duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu. Tsohon ya riƙe karensa har muka sallame. Da za mu rabu ya miƙo mini tikitin, ya ce in za ni Landan a jirgi in sa ido bayan Maidenhead, akwai wata 'yar tasha Taplow. Wutsiyar sunan, "low", daga "hlaw" take, wata tsohuwar kalmar tudun kabari, sunan kuma na nufin tudun Tæppa, wani basarake da aka tona kabarinsa a 1883. A arewacin ƙasar kuma "howe" suke cewa, wadda suka gada daga mutanen Norway da Denmark. Ranar Litinin na sa ido. Jirgin bai tsaya ba, allon ya wuce kamar ƙiftawar ido, amma na karanta shi.

Sati uku da dawowata Kano aka yi rasuwa a layinmu, wani dattijo mai sayar da itace. Bayan an sallace shi a ƙofar gida muka ɗauka, ana karɓa-karɓa, kowa na son ya samu ladan ko taku goma ne. Na samu ƙafar baya ta dama. A maƙabarta masu haƙa sun riga sun gama, an kwaɓa ƙasa, an tanadi itacen da za a jera. Aka sa shi, aka rufe, aka tara ƙasar ta yi ɗan tudu kamar taki ɗaya, aka yayyafa ruwa. Liman ya yi addu'a muka shafa. Da muka juyo, wani yaro ya jingina makarar a jikin katanga, kusa da baron da aka kawo jarkokin ruwa a ciki. Mai baron, saurayi ne da bai wuce shekara 15 ba, yana tsaye yana jiran a sallame shi. Na ce ya bari, na kama hannayen na tura masa har bakin ƙofa.